Ranar da Aka Yi Mini Guɗa a Shagari

Shekarar da na gama sakandare ba ni da aikin yi sai jiran sakamako. Ina gida a Bodinga, in share ƙofar ɗakinmu, in taya Mama girki, in kwanta da waya a hannu har wuyana ya ƙage. Ana cikin haka aka gayyato wata mai wa'azi cocinmu don taron falkaswa, daga nan kuma na shiga neman tsarki gadan-gadan. Na zaɓi in rubuta abin da ya biyo baya ne saboda duk sa'ad da na ce zan faɗa da baki, muryata rawa take yi, mai sauraro kuma dariya yake yi. Ban ga laifinsa ba. Da wata ce abin ya faru da ita, da ni ma na dara.

Cocinmu ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano a gefen gari. Kusan dukkanmu aiki ne ya kawo iyayenmu: matan 'yan sanda, malaman makaranta, masu sayar da kayan gyaran babur, da irin su Baba, malamin asibiti da aka turo daga wajen Zuru tun ba a haife ni ba. Ni kam a Bodinga aka haife ni, a nan na yi rarrafe.

Mai wa'azin doguwa ce siririya, ba hoda a fuskarta, farin ɗankwalinta ya sauko har gira. Ba ta ɗaga murya. A hankali ta gaya mana cewa ranar ƙarshe ba za a tambayi kowa sunan cocinsa ba, kowa shi kaɗai zai tsaya, kuma wadda ba ta da tsarki ba za ta ga Ubangiji ba ko da a kwayar mawaƙan coci ta tsufa. Ta bi jikin mace daga sama har ƙasa: ƙarin gashi, kwalli, jambaki, sarƙa, matsattsen ɗinki, tsagar siket. Kowanne da irin wutarsa. Da ta gama sai ta sa aka zagaya da faranti, ta ce duk wadda Ruhu ya taɓa ta cire 'yan kunnenta. Nawa ne suka fara yin ƙara a farantin. Na waiwaya in ga ko Mama za ta biyo ni, na tarar ta ja ɗankwalinta ta rufe kunnuwa, ta dage da addu'a ido rufe.

Ban yi abin don a gani ba. Tsoro ya kama ni na gaske, kuma bayan tsoron akwai wani abu mai daɗi, wata ƙishirwa ta in zama fes a gaban Allah, ba tabo. Har yau ban ce wannan ƙishirwa ƙarya ce ba.

Na tsefe kitson da aka yi mini da ƙari. Na kyautar da hoda da turare. Na daina gaisawa da maza hannu da hannu, na koyi kallon ƙasa in ina tafiya, har na san kowane rami a layinmu. Wayata na miƙa wa Mama na ce ƙofar jaraba ce. Ta karɓa da saurin da ya ba ni mamaki, kafin yamma har ta sa hotonta a fuskar wayar. Baba kuwa kallona ya yi ta saman tabarau ya ce, “Tsarkin nan naki, yana wanke kwanuka kuwa, ko shi ma aikin duniya ne?”

Haya muke a gidan Inna. Ita ce mai gidan, mijinta ya rasu tuntuni, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a tsakar gida. Ita ta goya ni sa'ad da Mama ke fama da ciwon baya, ita ta koya mini dakan fura, kuma ban taɓa jin ta kira ni da sunana ba, sai ɗiyata. Da Sallah kwanon namanmu daban ne. Da Kirsimeti Mama takan kai kaza wurin mahauci ya yanka, don Inna ta ci shinkafarmu hankali kwance. Haka muke zaune, kowa da ranar adonsa.

Ita ta fara lura. “Ɗiyata, mi ya samu kunnuwanki? Ɓarayi?”

Na ce a'a, Inna, na bari ne don Allah.

Ta dube ni ta ɗan jima, ta ce, “To, madalla,” ta koma kan tuyarta.

Matsalar da ta rage ita ce tufafi. Duk kayana an ɗinka su ne daidai jiki, yanzu kuwa jikin ne ba na so a san ina da shi. Na gaya wa Inna ina neman telan da zai yi mini riguna masu faɗi. Ta ce in tafi Shagari wurin surukinta, mijin ɗiyarta, a bakin kasuwa yake. Ranar kasuwa na ɗauki atamfofi biyu da aka saya mini na gama makaranta, na shiga bas.

Telan mutum ne mai fara'a, da ɗan gemu, tef rataye a wuya. Ya ɗauko mini hotunan ɗinki in zaɓa, na ce ba na buƙata. Na ce ina son hannu ya kai wuyan hannu, tsawo ya share ƙasa, wuya ya rufe, kada a matse ko'ina.

Ya ce, “Wanga ai buhu na, ƙanwata. Albasa za ki zuba ciki?”

Na ce haka nake so. Ya ɗauko tef, na ja da baya na ce kada ya auna ni, ya kintata kawai. Nan fara'ar ta canza, ta koma wata iri mai nauyi. Ya ajiye tef ɗin a hankali, ya tambaya ko Baba ya san da wannan ɗinki. Na ce ya sani, ba ya so, amma na riga na yanke shawara. Sai ya gyaɗa kai, ya ce Allah shi ƙara mani ƙarfin zuciya. Na ce amin da ƙarfi. Na dawo gida ina murna, wai ga shi har waɗanda ba Kirista ba suna ganin hasken da ke jikina.

Sai azumi. Mai wa'azin ta ce jiki ba ya jin magana sai an hana shi tuwo. Na gwada a ranakun da na zaɓa da kaina, ƙamshin ƙosai daga bakin titi ya kayar da ni tun kafin azahar. Da watan azumin Musulmi ya kama sai dabara ta zo mini: ga wata guda da ba mai suya da rana, ba mai tauna a gabanka, gari duka ya taya ka. Na ce wannan tanadin Ubangiji ne. Agogo kuwa ba ni da shi tunda waya ta tafi, don haka kiran sallar magariba ya zama shi ne alamar shan ruwana. Na asuba kuma shi ke tashe ni addu'a. Don kada barci ya sace ni a durƙushe, nakan fita bakin randa in wanke fuska da hannuwa, in zuba wa ƙafafuna ruwan sanyi. Ƙofar Inna tana kallon randar.

Dama kowace shekara Inna na aiko mana da kunu da ƙosai da yamma. A wannan shekarar sai aka ƙara wani ɗan kwano daban, da dabino a ciki, a ce na ɗiyata ne. Na ci na gode wa Allah mai ciyar da bayinsa ta hannun da ya ga dama.

Abu na ƙarshe da na bari shi ne cocin kansa. Mai wa'azin ta tafi, kuma ba a jima ba 'yan kunne suka soma komawa kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Na zauna a benci ina ƙirga zunuban da ke gabana: sarƙar matar dattijo, jan farcen mai ba da waƙa, yadda 'yan kwaya ke karkaɗa kafaɗa in ganga ta yi zafi. Na ga ba zan iya zama da tsarki a cikin irin wannan taro ba. Na daina zuwa. Ran Lahadi in rufe ƙofa in yi sujadata ni kaɗai, ni ce mai wa'azi, ni ce jama'a, kuma ba a taɓa samun saɓani ba.

Baba bai ɗauki wannan da wasa ba. Kowace safiyar Lahadi sai ya tsaya a ƙofa da takalmi a hannu yana cewa, “Ki tashi mu tafi coci!” Ni kuma in amsa daga ciki, “Ba zan je ba, Baba! Ko me za ka yi mini, ba zan koma can ba!” Wata rana har ya ce in ba zan bi abin da gidan nan ke bi ba, in nemi wani uban. Bai nufi haka ba, ya faɗa ne kawai. Katangar da ke tsakaninmu da ɗakin Inna kuwa ta laka ce, ko tari ka yi ana ji.

Ana gab da Sallah Inna ta kira ni ɗakinta, ta rage murya, ta ciro wani ƙunshi daga ƙarƙashin katifa. Hijabi ne ruwan toka, sabo, mai kaiwa gwiwa. Ta ce, “Ki aje. Ba sai babanki ya gani ba.” Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Ba a mayar wa babba kyauta, kuma hijabi ba baƙona ba ne, shekara shida na sa shi a makarantar gwamnati, da shi da farin takalmi. Na ma ga ya fi mayafina rufe jiki. Na soma sa shi in zan je kasuwa. Masu kayan miya da suka saba ce mini 'yar likita suka koma ce mini malama. Na ce a raina, tsarki ba ya ɓuya.

Bayan Sallah ɗiyar Inna ta haihu a Shagari. Inna ta shigo har ɗaki ta roƙi Mama ta ba ta aron ni ranar suna, in riƙe mata kaya. Mama ta ce, “Ɗauke ta, Inna, ko ta sha iska. Ta zauna mana a ɗaki kamar maijego.” Na sa ɗaya daga cikin buhunana, na ɗora hijabin, na ɗauki galan ɗin man gyaɗa.

Mun isa bayan an watse daga raɗin suna, amma da sauran maza zaune a kan tabarmi a gindin bishiyar ƙofar gida, da samari a kan babura. Na wuce su ido a ƙasa. Cikin gida cike yake da mata, tukwane a kan murhu, yara na kuka, ana ta miƙa jaririya daga cinya zuwa cinya. Na ajiye galan ke nan, Inna ta kamo hannuna ta ɗaga sama kamar na ci gasa, ta ce, “Jama'a, ga ta! Ga ɗiyar da nike ba ku labari!”

Wata tsohuwa ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa. Wata ta karɓa. Na waiwaya ina neman maijegon, don na ɗauka ita ta fito. Sai na ga ni ake kallo. Mata suka taso, wannan ta rungume ni, waccan ta shafa kaina, wata ta tura mini ɗan kwalin sabulu a hannu. “Barka da arziki.” “Allah shi tabbatar da ke.” “Ke kam kin yi sa'a, yarinya, tun da ƙuruciya.” Wata mai jiki ta ce in uban nawa ya kore ni, ɗakinta na nan, ita 'ya'yanta mata duk sun yi aure.

Ban san yadda zan kwatanta abin da ya faru a cikina ba. Komai ya dawo mini a jere, randa, dabino, tef ɗin tela, ihun Baba. Inna ta sunkuyo kunnena tana murmushi, ta ce ƙanenta limami ne a unguwar, yana zaure yana jira, yau za a yi abin yadda ya kamata a gaban shaidu, in huta da ɓoyo.

Duk Kiristan da ya girma a wajenmu ya san abin da ake nufi in aka ce wance ta shiga Musulunci ta fita, ko wane ya yi wa addini wasa. Ba a koyar da shi a makarantar Lahadi, amma mun sani, kamar yadda muka san inda rijiya take a gida. Ga ni a garin da ba namu ba, a ƙuryar gidan mutane, hijabinsu a jikina, azuminsu a bayana, guɗarsu ta riga ta fita har waje inda samarin nan suke. Idan na ce a'a yanzu, me za a kira shi?

Daga tsakar gida zuwa zaure ba nisa, amma a wannan 'yar tafiya na gama shirya komai. Na ce zan maimaita duk abin da aka ce in maimaita, in koma gida, Allah ai ya san zuciya. Ni da na yi watanni ina kokawa da ɗan kunne, ban yi ko minti ɗaya ina kokawa da wannan ba.

Malam dattijo ne ƙanƙani, yana zaune a kan buzu, carbi a hannu. Telan na gefensa, ya sha farar riga, yana ta yi mini murmushi. Na durƙusa daga bakin ƙofa, Inna ta zauna kusa da ni, mata suka cunkushe a bayanmu. Na gaishe shi.

Na zaci zai ce in faɗi kaza. Da ya yi haka da na faɗa. Sai ya dube ni da kyau.

Ya ce, “Yarinya, na ga masu zuwa don miji. Na ga masu zuwa don sun yi hushi da gida. Na ga kuma masu zuwa don Allah. Ban hana kowa ba, amma ina tambaya. Ke mi ya kawo ki?”

Kafin in amsa, Inna ta ce, “Kunya ta, Malam. Haka take tun tana ƙarama.”

Ya ce, “Bari ta hwaɗi da kanta, Yaya.”

Ban yi wata addu'a ba, ban ga wani haske ba. Tambaya ce aka yi mini kai tsaye, kuma ban shirya mata ƙarya ba, ƙaryar da na shirya ta maimaitawa ce kawai. Na ji bakina ya ce, “Allah ya gafarta Malam, man gyaɗa na kawo.”

Wata ta yi dariya a baya, aka ce mata ke. Malam bai yi ba. Ya ce, “Sai mi?”

Na ce, “Ni ban bar addinina ba. Ni Kirista ce.”

“Azumin hwa?”

“Namu ne. Don Yesu na yi.”

“Cocin da kinka bari?”

A nan ne kuka ya ƙwace mini. Na ce na bari ne don na ga ba su kai ni tsarki ba. Haka na faɗa, a zauren limami, majina na zuba a kan hijabin Inna.

Daga waje ina jin wani saurayi yana tayar da babur yana kashewa. Malam ya ce wa telan ya tura ƙofar waje. Ƙarar ƙofar nan har yau tana cikin kunnena, don a lokacin ban san ko rufe ni aka yi ko kare ni ba.

Ya juya wurin Inna. “Yaya, ta taɓa hwaɗa maki da bakinta tana son shiga?”

Inna ta ce, “Sai ta hwaɗi? Ina da ido, Malam. Asuba duka tana bakin randa. Ubanta shina zaginta ina ji.”

“Ta taɓa yin kalmar shahada gabanki? Ko gaban wani?”

Inna ta girgiza kai. Ya tambayi telan, telan ya sunkuyar da kai ya ce shi dai ta hana shi aunawa.

Mai jikin nan da ta yi mini tayin ɗaki ta ce daga baya, “To azuminmu da ta yi hwa? Wata guda cur! Wasa ta maishe mu?”

Malam ya ce, “Ke kinka ara mata yunwar? Da cikinta ta yi.” Ya ɗaga murya kaɗan yadda na bayan za su ji. “Ku saurara. Yarinyar ga ba ta shigo ba, don haka ba ta hita ba. Ba ta ce ma kowa komi ba, mu munka ce. Wanda duk ya tambaya, guɗar jinjira anka yi. In bai gamsu ba shi zo wurina.” Sa'an nan ya dube ni ya ce ƙofa a buɗe take duk ranar da na zo da ƙafata da bakina, amma ba a shigowa a ɗaure da kunya. Na soma kiciniyar cire hijabin, ya ce, “Bar shi. Tuhwa na. Ki kai gida tukuna.”

Shi da kansa ya raka mu tasha, da sandarsa, yana gaba muna biye. Da muka fito mazan gindin bishiya suka miƙe suna gaishe shi, wani ya ce, “Malam, an gama?” Ya ce, “An gama suna,” bai tsaya ba. Samarin suka bi ni da ido. Ba wanda ya ce uffan, ba wanda ya matso. Ina maimaita wannan don gaskiya ce: ba wanda ya taɓa ni, ba wanda ya zage ni, har tuwon suna aka biyo mu da shi a kwano. Muka shiga mota.

A cikin bas Inna ta zauna kusa da taga ta juya mini ƙeya. Muka wuce gonaki, muka wuce masu buhunan albasa a bakin titi. Sai da muka hango Bodinga ta yi magana, ba ta ko juyo ba. “Har suna na zaɓa maki. Sunan mahaihiyata.”

Na so in ce ta yafe mini, amma ban san me na yi ba, kuma na san na yi.

Da Mama ta ji, zama ta yi a ƙasa daɓas ta ɗora hannu a ka. Baba ya fita ya shigo ya fita, ya ce gobe zai sa ni a mota zuwa Zuru. Mama ta ce in na ɓace yanzu ai cewa za a yi mun ɓoye ni don ta tabbata, daga nan kuma ba ni kaɗai ba ce a ciki. Suka bar ni a ɗaki. Wannan karon ba tsarki ya rufe ni ba. Ko bakin randa ba na zuwa sai na leƙa. Inna ta ci gaba da tuyarta, in Mama ta gaishe ta ta amsa a taƙaice. Ni kuwa ko inuwata ba ta nema ba. Ita ce ta yi ta yawo gida-gida watanni tana ba da albishir, ita ce kuma yanzu matan layi ke tambaya, “Inna, ina ɗiyar taki?” suna danne dariya.

Ran Asabar da hantsi na ji takunta ya tsaya a ƙofarmu. Ba ta yi sallama irin ta da ba. Ta ce, “Tana ciki?” Na fito na durƙusa. Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta soma zafi, tana kallon saman kaina.

Ta ce, “Gobe Lahadi.”

Na ce e, Inna.

“Ki tashi da sahe ki tahi wurinku. Ta babban titi za ki bi, ba ta lungu ba. Ki sa tuhwahinki na da, ki riƙe littahinku a hannu kowa shi gani. In kin zamna ɗaki, rabin garin ga cewa za su yi kin shiga kina ɓoyo, rabi su ce kin shiga kin hita. Ni na gaji da amsa tambaya. Kin ji ni?”

Na ce na ji.

“Kuma ki riƙa zuwa. Ba zuwa ɗaya ba.” Ta juya ta tafi.

A baya fasto ya zo gidanmu a kan maganar komawata coci ban ji ba, Baba ya yi ihu har muryarsa ta dushe ban ji ba. Inna ce ta mayar da ni coci.

Washegari na ciro wata tsohuwar rigata daga ƙasan akwati. Azumi ya rage ni, ta yi mini yawa, don haka ko matsewar da nake tsoro ba ta samu ba. Baba na gaba, Mama na baya, ni a tsakiya kamar wadda za a kai kotu. Muka bi ta gaban masu shayi, ta gaban masu faci, ta bakin tasha. Mai kayan miya ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa, ya buɗe baki, ya rasa da wane suna zai kira ni, ya ce, “An hito?” Na ce an fito.

A coci kuma ashe su ma labarin ya kai musu tuntuni, irin nasu. Zumuntar mata sun yi makonni suna azumi a kaina, wai wani ɗan kasuwa ya ruɗe ni da alkawarin aure. Ina shiga matar dattijo ta taso ta rungume ni, sarƙarta ta shiga mini ido. Aka buga ganga. Matar fasto ta raɗa mini cewa in shirya, mako mai zuwa zan ba da shaida yadda Ubangiji ya fisshe ni daga bakin mutuwa, wai ta ji har wuƙa aka zare. Na ce mata ba a zare komai ba, tuwo aka ba mu. Ta ce kada in rage wa Allah ɗaukakarsa. Na ce ba zan tsaya ba, kuma ina roƙonta kada maganar wuƙa ta sake fita daga bakin kowa, don a gidan Inna nake kwana. Ta kalle ni kamar na ɓata mata biki.

Tun daga ranar ban fasa zuwa ba. A benci na ƙarshe nake zama, kusa da ƙofa. Ina so in ce tawali'u ne, amma daga nan ne nake iya ganin titi, kuma duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai na daina jin wa'azin har mai shi ya wuce.